Wasiƙa daga Sikotlan kan kaburbura da duwatsun tunawa da mutanen teku

Aberdeen, Sikotlan

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan mutanen gida a Sakkwato, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso ni. Na jinkirta amsa ne saboda tafiyar da na yi zuwa tsibiran Orkney, can ƙuryar arewacin Sikotlan, kuma tun ina cikin jirgin dawowa na ƙudura cewa kai zan fara ba labari, domin na san ƙaunarka ga tarihi, ga shi kuma abin da na gani ya taɓo ƙasarmu har da garinku.

Daga nan Aberdeen jirgin ruwa yakan yi kimanin awa shida kafin ya kai Kirkwall, babban garin tsibiran. A tsakiyar garin akwai tsohuwar majami'ar St Magnus, wadda aka aza harsashinta a 1137 da jan dutse da rawaya. Na shiga ne don ganin ginin, sai idona ya faɗa kan wani dutsen tunawa mai siffar kabari, ɗauke da sunan William Balfour Baikie. Ina karanta rubutun da aka sassaƙa sai na ci karo da sunan kogin Neja da na Chadda, wato sunan da Turawan wancan zamani suke kiran Binuwai da shi. Wallahi sai da na tsaya cik, domin ban zaci zan tarar da kogin Kwara a kan dutse a tsibirin da sanyinsa ke shiga ƙashi ba.

Baikie ɗan garin ne, likita ne a rundunar sojan ruwan Birtaniya. A 1854 ya hau jirgin da ake kira Pleiad don binciken kogunan Neja da Binuwai, kuma shugabancin tafiyar ya faɗo hannunsa bayan rasuwar John Beecroft, wanda aka shirya zai jagorance ta. Kafin wannan, a tafiyar 1841, zazzaɓi ya kashe Turawa sama da 40 a kan kogin Neja. Baikie ya sa mutanensa shan kwinin kullum tun kafin ciwo ya kama su, suka haura Binuwai suka dawo ba tare da an rasa rai ko ɗaya ba. A 1857 jirginsa na biyu, Dayspring, ya fashe a duwatsun Jebba, amma bai koma gida ba. Ya zauna a Lokoja yana hulɗa da Etsu Masaba na Nupe, ya koyi Hausa har ya fassara wasu sassan Littafi Mai Tsarki na Kirista, ya kuma taka har Kano a 1862. Ajali ya cim masa a Saliyo a watan Disamba na 1864, yana kan hanyar komawa gida. Saboda haka babu gawa a ƙarƙashin dutsen nan na Kirkwall. Mutanensa ne suka gina masa don kada sunansa ya ɓace a garin haihuwarsa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a cikin Pleiad Turawa 12 ne kawai, sauran sama da 50 'yan Afirka ne: matuƙa, masu saran itacen da ake hura tukunyar jirgi da shi, da tafintoci waɗanda in ba don su ba babu sarkin da zai fahimci abin da baƙon yake faɗa. Ba na rage wa Baikie ko ƙwayar zarra daga ƙwazonsa, amma jirgi ba ya haura kogi da hannun mutum ɗaya. Kuma ni da kai mun san cewa hanyar da kwinin ya buɗe ita ce 'yan kasuwar Turawa suka biyo, sojoji kuma suka biyo bayansu.

A cikin majami'ar dai akwai ƙararrawar jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Royal Oak, tare da littafin sunayen waɗanda suka mutu a jirgin a cikin akwatin gilashi, wanda ake juya shafinsa lokaci zuwa lokaci don kowane suna ya samu ranar da za a gan shi. Jirgin yana tsaye ne a mashigin Scapa Flow da ke tsakanin tsibiran, inda rundunar ke ganin babu abin da zai taɓa ta, lokacin da jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus mai lamba U-47 ya saɗaɗo cikin dare ya harbe shi a ranar 14 ga Oktoba, 1939. Mutum sama da 800 suka halaka, fiye da 100 daga cikinsu yara ne da ba su cika shekara 18 ba. Na daɗe a gaban shafin da aka buɗe, ina bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, ina tuna ƙannenmu da ke aji na ƙarshe a sakandare. Jirgin yana nan kife a ƙarƙashin ruwa, doka ta mai da shi maƙabarta, kuma kowace shekara masu nutso na sojan ruwa sukan sauka su ɗaura masa sabuwar tuta.

Wurin da ya fi ba ni abin tunani shi ne Marwick Head, wani tsauni da ya tsaya a kan teku a yammacin babban tsibirin. Na hau da ƙafa, iska tana neman ture ni, tsuntsayen teku suna ta kuka a ƙasan gaɓar. A ƙwanƙolin akwai hasumiyar dutse da mutanen Orkney suka tara kuɗi suka gina, aka buɗe ta a 1926 don tunawa da Lord Kitchener, ministan yaƙin Birtaniya. Yana kan hanyarsa ta zuwa Rasha a jirgin Hampshire sai jirgin ya taka nakiyar da Jamusawa suka dasa, ya nutse a ranar 5 ga Yuni, 1916. Mutum 737 suka mutu, 12 kaɗai suka tsira, gawar Kitchener kuma ba a same ta ba. Amma hasumiyar sunansa kaɗai ta ɗauka. Sai a 2016, shekara 100 cif bayan hatsarin, aka kewaye gefenta da wata gajeriyar katanga mai lanƙwasa, aka rubuta sunayen dukan waɗanda suka tafi tare da shi. Na durƙusa na shafa haruffan da yatsa, har yanzu bakinsu da kaifi saboda sabunta, alhali dutsen hasumiyar ya riga ya yi duhu da ruwan sama da gishirin teku. Iyayen waɗannan samari duk sun bar duniya ba su ga sunan ɗansu a wurin ba.

Ba zan ɓoye maka ba, tsayuwa a gindin hasumiyar ta yi mini nauyi ta wata fuskar. Wannan Kitchener shi ne wanda ya ci yaƙin Omdurman a Sudan a 1898, ya sa aka rushe hubbaren Mahdi, aka zubar da ƙasusuwansa a kogin Nilu. Mutumin da ya hana wani kwanciya a kabarinsa, shi ma teku ta hana shi kabari. Ban yi murna da mutuwarsa ba, domin mutuwa rigar kowa ce, amma ban iya karanta yabon da ke jikin allon ba tare da tuna wancan hubbaren ba.

Washegari na ƙetara zuwa tsibirin Hoy, inda maƙabartar sojan ruwa ta Lyness take. A can na ga jerin fararen duwatsu masu tsayi ɗaya da faɗi ɗaya, bisa ƙa'idar hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda ta ce kada a fifita hafsa a kan ƙaramin soja bayan mutuwa. Wasu duwatsun babu suna, sai dai an rubuta cewa wani sojan ruwa ne, Allah ne ya san shi. Wannan kalma ta ratsa ni, domin ta yi kusa da abin da muka taso a kai, inda ake tara ƙasa, a kafa ɗan itace ko fasasshiyar tukunya, a yi addu'a a watse, bayan 'yan damuna kuma kushewar mai kuɗi da ta talaka su zama ɗaya. Sai dai hukumar da kanta ta amsa a rahoton 2021 cewa ba a cika wannan ƙa'ida ga kowa ba, domin aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba, har gwamnatin Birtaniya ta nemi gafara.

Duk tsawon tafiyar nan garinku yana raina saboda Hugh Clapperton, wanda shi ma hafsan sojan ruwa ne ɗan Sikotlan, haifaffen garin Annan. Ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya sake dawowa, ya kwanta ciwo ya rasu a Sakkwato a ranar 13 ga Afrilu, 1827. Yaronsa Richard Lander ne ya binne shi a wani ƙauye kusa da gari, da izinin Sarkin Musulmi. Ka ga mutumin teku ya kwanta a ƙasarmu mai nisa da kowace teku, sunansa kuma yana nan a kan titi a cikin garinku. Ina roƙonka, in ka samu sarari, ka ɗauko mini hoton allon titin Clapperton ka aiko mini, ina so in ajiye shi kusa da hoton dutsen Baikie da na ɗauka. In kuma ka zauna da dattawan da suka riƙe tarihin baka, ka rubuto mini duk abin da suka ji daga magabata game da baƙon nan da ya zo wa Sarkin Musulmi da sunan Abdullahi.

Ka gaishe mini da Inna da uwargida da yara, ka ce ina neman addu'arsu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka