Ba ruwan sanyi ne ke taurara ƙarfe ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni fili, akwai maganar da ta daɗe tana damuna, wai da ka tsoma ƙarfen da ya yi ja a wuta cikin ruwa shikenan ya yi tauri. Wallahi mutane da yawa haka suka ɗauka, har da masu sana'ar, alhali ka ɗauko ƙarfen da kabon ɗinsa, wato sinadarin nan na gawayi, bai kai kashi 0.3 cikin ɗari ba ka tsoma shi sau goma ma ba wani taurin kirki da zai yi.

Abin a cikin jikin ƙarfen yake faruwa. Ƙwayoyin zarrarsa suna da tsarin da suke jeruwa, in yana sanyi guraben da ke cikin tsarin ƙanana ne, kabon ɗin da zai iya riƙewa bai wuce kashi 0.02 ba. Amma in wuta ta haura digiri 727 a ma'aunin Celsius sai jerin ya fara sauyawa zuwa wanda ake kira ostenait, shi wannan gurabensa sun fi girma, kabon ya narke ya shige ciki. To in ka bar shi ya huce a hankali kabon zai fito abinsa, ƙarfe ya koma laushi, in kuwa ka tsoma shi a mai ko ruwa farat ɗaya kabon bai samu damar fita ba, kamar an rufe ƙofa da mutane a ɗaki, sai jerin ya karkace ya ɗaure. Shi ne matensait, sunan wani Bajamushe ne aka sa masa, Adolf Martens. In da ido ba za ka gane zafin ya kai ba, kara maganaɗisu, wajen digiri 770 yake daina kama ƙarfen.

Inda aka fi yin ganganci shi ne bayan tsomawa, ƙarfen ya yi tauri amma fa ga saurin karyewa, wani ma tun a cikin ruwan za ka ji ƙas ya tsage saboda matensait kumbura yake yi. Dole a goge shi a sake ɗumama shi kaɗan, kana kallo launi na tafiya, ruwan ɗorawa wajen digiri 230 ya dace da wuƙa, shuɗi wajen 300 na sifirin ne. Wanda ya tsallake wannan, kurfi zai fashe masa a hannu ɓarɓashi ya nufi ido.

Ina roƙon jaridarku ta ware shafi a riƙa bayanin irin wannan da Hausa, masu koyon ƙira da walda suna buƙata sosai.

Naku,
Wani mai karatu