'Yan uwana Hausawan Legas, mu daina cewa "sai na je gida" in jiki ya motsa

Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya, ya aiki ya iyali. Don Allah ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan uwana Hausawa mazauna Legas, mu na Mile 12 da na Agege da Alaba Rago da Idi-Araba har Obalende, don akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Ni mai albasa ne a kasuwar Mile 12, bana shekarata 17 a garin nan. A iya zaman da na yi babu kalmar da na ji ta fi cutar da mu irin "sai na je gida". Mutum kai na sara masa wata da watanni, ka ce malam ka je asibiti a duba ka, sai ya ce ai da sallah zan je gida sai a duba ni a can. Haƙori na ciwo, sai na je gida. Ƙafa ta kumbura, sai na je gida. Kamar dai mun ɗauka Legas wurin neman kuɗi ne kawai, ciwo kuma zai yi mana kara ya jira sai mun sauka a tashar garinmu.

Akwai maƙwabcin rumfata, ba zan kama sunansa ba, mutum ne ƙaƙƙarfa wanda in tirelar albasa ta iso daga Aliero cikin dare shi ne farkon wanda zai hau kanta. Ya fi shekara yana kukan ciwon kai ta ƙeya. Kullum da safe sai ya aiki yaro kemis a yo masa "haɗi", a ƙullo ƙwayoyi huɗu ko biyar a 'yar leda, wata ja wata ruwan ɗorawa, babu kwali babu suna, ya kora da shayi mai kauri ya ce shikenan ta sake ni. Wata safiya muna tsaye ana sauke kaya yana ƙirga kuɗin 'yan dako sai na ga kuɗin sun zube ƙasa, na ce kai wane ya haka, ya juyo zai ba ni amsa na ga bakinsa ya karkace gefe guda, maganar tana fita kamar wanda ya cika baki da tuwo mai zafi. Wallahi har yau in na rufe ido ina ganin 'yan dubu-dubun nan cikin taɓo da ɓawon albasa.

To a nan ne muka yi wautar da har gobe take damuna, kuma har da ni a ciki. Wannan ya kawo ruwa aka sheƙa masa, wancan ya ce a shafa masa man habbatus sauda, wani ya ce ai sammu ne don kasuwarsa ta buɗe bana, aka ruga kiran malam. Addu'a ba laifi ba ce, kowa ya san ita ce takobin mumini, amma ai ana iya yin ta a cikin mota a kan hanyar asibiti. Mu sai bayan azahar muka kai shi. Likita ya ce hawan jini ne ya kai shi ga shanyewar ɓarin jiki, ya kuma yi mana faɗa sosai kan awannin da muka ɓata. Daga baya 'yan uwansa suka sa shi a mota, tafiyar kusan kilomita 1,000, aka kai shi gidan da ya daɗe yana cewa sai ya je. Yana nan da ransa alhamdulillahi, amma ƙafa ja yake yi, rumfar kuma yanzu wani ne a ciki.

Satin da abin ya faru tsoro ya kama ni na je ƙaramin asibitin gwamnati na unguwarmu na ce a auna ni. Ni fa babu abin da ke damuna a lokacin, ko ciwon kai ba na yi. Nas ta ɗaura min abin a dantse ya matse ya saki, ta kalle ni ta sake aunawa, ta ce Alhaji naka 160 bisa 100 ne. Ta ce in dawo wata rana a sake, na dawo, yana nan dai sama. A wurinta na fara jin cewa in awo yana kaiwa 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma an maimaita a ranaku daban-daban an ga haka, to hawan jini ne, kuma yawancin masu shi ba sa jin komai a jikinsu sai ranar da ya taɓa ƙwaƙwalwa ko zuciya ko ƙoda. Tun daga nan ƙwaya ɗaya nake sha kullum da safe, shekara 3 ke nan.

Ga inda da yawa ke faɗawa rami. Mutum ya sha maganin wata ɗaya ya ji garau, ko aka auna aka ga ya sauka, sai ya ce na warke ya jefar da kati. Ai maganin ne ya saukar da shi, ka daina ya koma inda yake. Ko da azumi ba a ajiye shi, ka tambayi likitanka ya faɗa maka ko da sahur za ka sha ko bayan buɗa baki.

Sai maganar ciki, wadda na san a nan za a fi jin haushina. Mu gwauraye ne a garin nan ko da muna da mata a gida, abincinmu yana hannun mai shayi da mama put. Indomi biyu da ƙwai uku da daddare, a zazzage duk sinadarin da ke cikin ledar sannan mai shayi ya ƙara marmasa maggi a kai, da safe shinkafa da miya wadda gishiri ya ji, da yamma tsire da yaji, shi ma yajin maggi ne da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma ba wanda ka barbaɗa kawai ba har da wanda ke ɓoye cikin maggi da burodi da kifin gwangwani. Ni yanzu rabin sinadarin nake cewa a sa min, da farko salam na ji shi, bayan sati biyu harshe ya saba. Sukari kuma na dawo cokali ɗaya daga huɗu. Goro ne dai har yanzu muke kokawa da shi, ba zan yi maka ƙarya ba Edita.

Shi kuma haɗin nan na kemis da na masu talla a cikin bas, da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, suna kashe ciwon jiki nan take shi ya sa 'yan dako da masu tura baro ke son su, amma shan su kullum yana ƙara hawan jini, yana cin ƙoda, yana kawo gyambon ciki. Ga yaranmu matasa sun ɗora da lemon ƙarin kuzari gwangwani biyu uku don su kwana suna sauke kaya, wasu har da tramadol. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin amma wa ya isa ya ce ba a samunsa a lungu. Duk maganin da ba ka ga kwalinsa ba, ba ka ga lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa ba, don me za ka zuba shi cikin cikinka.

Damina kuma tata matsalar daban, kowa ya tuna kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024. Mu da muke cin abinci a gefen kwata sai mu dage da wanke hannu da sabulu, in gudawa ta kama mutum a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na leda da ake sayarwa a kemis, in babu a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, yana sha ana tafiya asibiti. Janareta kuma don Allah a daina kwana da shi a ɗaki ko a baranda a rufe don tsoron ɓarayi, hayaƙinsa kashewa yake cikin barci.

Na san uzurin da za a kawo min, kuma wani gaskiya ne. Za a ce layi ya yi tsawo, yini guda a asibiti cinikin yini ne ya tafi, ma'aikatan kuma da Yarbanci ko Turancin buroka za su yi maka magana wani lokaci har da tsawa. Na sha wannan ni ma. Amma yaranmu haifaffun Agege nawa ne suke jin Yarbanci kamar Hausa, ka ɗauki ɗaya ya raka ka mana. Kuɗi kuma gwamnatin jihar tana da inshorar lafiya da ake kira Ilera Eko, mazaunin Legas yana iya yin rajista, mu da muke zuba adashi duk sati ba za mu kasa tambayar yadda ake shiga ba. Kuma kowa ya sa 767 da 112 a wayarsa, lambobin gaggawa ne na jihar. In ka ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe masa farat ɗaya, kada a tsaya ba shi ruwa ko abinci don zai iya shaƙewa, a nemi mota kawai.

Roƙona na ƙarshe ga sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin sassan kasuwa da kwamitocin masallatai ne. Muna tara kuɗi cikin awa ɗaya in za a kai gawa ko mara lafiya arewa, na gani da idona ba sau ɗaya ba. To a cire kaɗan daga irin wannan kuɗin a sayi na'urar awon jini mai batir a ajiye a masallaci, a samu ɗanmu da ya yi karatun lafiya ya riƙa auna mutane bayan sallar Juma'a, wanda nasa ya hau a tura shi asibiti. Limamai kuma su riƙa tunatarwa, don maganarsu ta fi tawa shiga kunne.

Ni dai na riga na sayi tawa na'urar, tana cikin akwatin kuɗi a rumfa. Bayan la'asar in kasuwa ta lafa 'yan layinmu kan zo, sai na sa mutum ya zauna ya huta minti biyar kafin in ɗaura masa, ya yi shiru kada ya yi ta surutu. Cikin waɗanda na auna akwai uku da yanzu suke karɓar magani, akwai kuma wani dattijo da ya ga lambarsa ya yi dariya ya ce min bari dai ya je gida da babbar sallah. Gobe da safe ni zan raka shi asibitin da ƙafata, na riga na ce wa yarona ya tsare min rumfa.

Naka,
Wani mai albasa daga kasuwar Mile 12, Legas