Wanda jinya ta katse wa karatu zai iya samun rancen NELFUND

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili don amfanin ɗaliban Katsina da Daura da ciwo ya kwantar har karatunsu ya sulale, yanzu sun warke suna son sabon digiri amma aljihu ya hana.

Jinya ba ta hana rancen NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rancen karatu. Dokar da aka sabunta a 2024 ta cire sharaɗin mai tsaya wa da na yawan kuɗin shigar iyaye. Rancen ba ruwa. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ɗalibi kuma yana karɓar naira 20,000 a wata na cefane idan ya nema. Biya sai shekara 2 bayan bautar ƙasa, kashi 10 cikin 100 na albashi. Makarantun gwamnati kaɗai ya shafa, irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Daura.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsohon fayil. A gidajenmu idan ciwo ya zo, hankali na kan asibiti da magani, ba mai tuna sashen da ɗalibin yake karatu. Jami'o'i da yawa kuwa, ɗalibin da ya yi zango biyu a jere bai yi rajista ba suna ɗaukarsa ya bar karatu don kansa. Don haka kafin a sayi sabon fom na JAMB, a je tsohuwar makarantar da rahoton likita mai hatimin asibiti da kwanan watan kwanciya da na sallama (katin ganin likita kaɗai ba ya isa). A rubuta takardar neman komawa karatu ta hannun shugaban sashe. Wani lokaci majalisar jami'a kan maida mutum inda ya tsaya, ya huta da komawa aji ɗaya; sai dai digirin shekara 4 galibi ba ya wuce shekara 6. Idan ƙofar ta rufe, a karɓi takardar barin makaranta da sakamakon zangunan da aka yi.

Wajen cike rancen za a buƙaci lambar JAMB da NIN da BVN da takardar samun gurbi. Wanda ya samu sabon gurbi ya sa sabuwar lambar JAMB, kada hannu ya kai ga tsohuwar. Suna ma yana kayar da mutane: Muhammad a NIN, Mohammed a banki, ko ranar haihuwa ta bambanta. A gyara tukuna. Idan shafin intanet na NELFUND ya ce bai san ɗalibi ba, yawanci makarantar ce ba ta ɗora bayanansa ba, a nufi ofishin harkokin ɗalibai.

Wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa takardar yafe bautar ƙasa zai samu. Hukumar bayar da tallafin karatu ta Jihar Katsina kuma takan nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma, gara a tanade ta kafin a buɗe rajista.

Wassalam,
Wasu malaman makaranta, Katsina