Wasiƙa daga Faransa: Turkudi Ya Gagari Kyamara

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Ya Kano, ya kasuwa?

Ka ce kullum in ka tambaye ni aikina sai in ce maka "harkar hoto", alhali ba ka taɓa ganin na ɗauki biki ko suna ba. To bari in warware maka. Muna ɗaukar hoton abu ta kowane gefe, kwamfuta ta harhaɗa hotunan ta gina surarsa, yadda za ka juya shi a allo ka ga gaba da baya. Gina surar ya zama da sauƙi yanzu, wayar hannunka ma za ta yi. Inda gizo ke saƙa shi ne fatar abin, wato yadda yake mayar da hasken da ya sauka a kansa.

Kowane hoto ya cakuɗa abu uku: hasken wurin, surar abin, da kayan da aka yi shi da su. Wuri ya yi duhu, inuwa ce ko rini? Wani wuri ya yi fari fat, fenti ne ko ƙyalli? Kyamara ba ruwanta. Idan ba a raba su ba, ƙyallin sai ya manne a jikin surar, ka juya kwanon tagulla a allo amma hasken yana nan daram a gefe ɗaya.

Yawancin manhajoji suna bin ƙa'idar wani masanin haske mai suna Lambert ta 1760, wadda ta ɗauka cewa abu yana watsa haske daidai ta ko'ina. Tukunyar ƙasa da bangon laka sun yarda da wannan. Tasa da gogaggiyar fata ba su yarda ba. Shi ya sa a 1965 Fred Nicodemus ya tsara ma'aunin da ake kira BRDF: daga kowace kusurwa haske ya zo, nawa ne yake komawa ta kowace kusurwar da mai kallo ya tsaya. A 2003 masu bincike na MERL, cibiyar binciken kamfanin Mitsubishi Electric a Amurka, suka auna kaya 100 ta wannan hanya, kuma har yau da ma'auninsu muke gwada namu.

Mu dabarar wani masani mai suna Woodham ta 1980 muke amfani da ita. A kafe kyamara wuri ɗaya, a riƙa sauya wa fitila wuri. Muna ƙara matatar haske (polarizer, wadda hasken da ke kaɗawa ta fuska ɗaya kawai take bari ya wuce) ɗaya a bakin fitila, ɗaya a bakin kyamara, a gicciye, sai ƙyallin sama ya mutu, launin asali ya rage. A cire wannan hoton daga wanda aka ɗauka da matatun ba a gicciye ba, abin da ya saura shi ne ƙyallin zalla. Roba ko gilashi, in ka dube su kai tsaye, kusan kashi 4 cikin 100 na haske kawai suke mayarwa daga samansu, kuma fari ne. Ƙarfe kuwa yana rina ƙyallinsa da launin jikinsa, shi ya sa na tagulla yake ja-ja.

Ana nan sai aka kawo mana wani tsohon turkudi daga wani gidan tarihi, irin na Kura da Buzaye ke naɗawa. Wallahi ya ba mu ruwa. Shunin da 'yan bugu suka dandaƙa a jikinsa yana ƙyalli ja-ja mai ratsin algashi, sai manhajar ta yanke cewa ƙarfe ne. Ga zaren saƙar kuma yana jan ƙyallin ta hanya guda, ka juya ƙyallen kaɗan launi ya canza. Turawan da nake aiki da su sun tsaya suna kallo, ni ko ina ta murmushi a ciki.

Matasan nan duk sun raja'a kan wasu sababbin dabarun gina sura daga hotuna, wato NeRF na 2020 da Gaussian splatting da cibiyar bincike ta Inria ta fitar a nan Faransa a 2023. Hotunansu na da kyau, ban musa ba. Amma haddace kamannin abu suke yi a ƙarƙashin hasken ranar da aka ɗauka. Ka ce su kunna wata fitilar daga hagu, sai ido ya raina fata. Ni a ganina, in surar ba ta amsa sabon haske ba, aikin bai kammala ba.

Yanzu ga roƙona. Na gidan tarihi ba a bari mu lanƙwasa shi, kuma tsufa ya dusashe shi. Don Allah in ka samu sarari ka leƙa Kura ka saya mini sabon bugu wanda bai taɓa ruwa ba, ɗaya mai ƙyalli sosai, ɗaya kafin a buga. Ka tambayi masu bugun abin da suke ƙarawa a kai da kuma sau nawa suke maimaitawa. A naɗe shi a takarda, kada a matse. Zan turo kuɗin ta hannun ƙanena.

Ka gaida Hajiya da yara, da 'yan majalisarmu baki ɗaya. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Abokinka na Faransa