Kafin a sayi na'urar juya sauti, a leƙa bayan amfilifaya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida tamu don in yi tsokaci kan ƙaramin akwatin nan da ake sawa tsakanin talabijin ko kwamfuta da amfilifayar gida. Sau da yawa mutum kan saye shi, ya haɗa, ya ji shiru, sai ya ce jabu aka ba shi, alhali lafiyarsa ƙalau. Ba irinsa yake bukata ba tun farko.

Iri biyu ne, kuma a ido kusan ɗaya suke. Akwai DAC, mai karɓar sautin dijital ya mayar da shi wanda tsohuwar amfilifaya ke ganewa, ya fitar ta ramukan RCA biyu, ja da fari. Akwai kuma wanda sauya wa sautin ƙofa kawai yake yi, a dijital ɗinsa, daga USB zuwa S/PDIF (tsarin aika sautin dijital tsakanin na'urorin sauti) ko daga wayar haske (Optical) zuwa ta tagulla (Coaxial). Don haka a fara juya amfilifayar a karanta bayanta. In akwai ramin da aka rubuta masa Optical ko Coaxial, tana da DAC nata a ciki, mai sauya ƙofa ya isa, wani lokacin ma waya kawai ake bukata. In ja da fari ne kaɗai, sai DAC. A kuma duba inda aka rubuta Input da Output, domin akwai mai aiki a juye, daga analog zuwa dijital, kuma kamarsu ɗaya sak.

Wayar haske, wato Toslink da kamfanin Toshiba ya fito da ita a 1983, jan haske take ɗauka cikin zaren roba. Tunda babu ƙarfe a cikinta, tana raba lantarkin talabijin da na amfilifaya, kuma wannan shi ne maganin gunjin nan mai kauri da kan taso a sipika idan na'urori biyu sun haɗu da wayar ƙasa ta lantarki (earth) ta hanya fiye da ɗaya. Aibinta shi ne ba ta son lanƙwasa, ba ta son tsawon da ya wuce mita 5 zuwa 10, kuma na'urori da yawa kan tsaya a 96 kHz (ma'aunin yawan samfurin sauti a daƙiƙa) ta wannan ƙofa. A cire 'yar hular robar da ke bakinta kafin a soka. Da yawa kan manta, su yi ta dannawa har ramin ya fashe. Ita kuwa ta tagulla tana son waya mai ohm 75. Wayar sauti ta ja da fari za ta iya yi a gajeren zango, amma in ta yi tsawo sauti ya riƙa ɗaukewa. Tsohuwar wayar bidiyo mai rawayan kai ohm 75 ce, kuma tana yin aikin ba tare da an sayi wata mai tsada ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne saitin talabijin. DAC mai araha PCM (sautin dijital da ba a matse ba) na sipika biyu kaɗai yake fahimta. Idan talabijin na turo Dolby Digital ko DTS, abin da za a ji shiru ne, ko wani ƙara mai tsiwa da zai iya ƙona ƙananan sipikun sama. A shiga saitin sauti a zaɓi PCM, ba Auto ba, kuma a rage murya kafin gwajin farko. A sani kuma ƙofar haske a yawancin talabijin ƙarfinta a tsaye yake, rimot ba ya rage shi. Wanda amfilifayarsa ba ta da rimot ya nemi DAC mai nasa, ko akwatin da ke zare sauti daga HDMI ARC (ramin HDMI mai fitar da sautin talabijin) yana bin umarnin CEC, tsarin da ke barin rimot ɗin talabijin ya sarrafa shi. Kada a soka DAC a ramin Phono na amfilifaya: na faifan garmaho ne, an yi shi don sigina mai rauni ƙwarai, volt 2 da DAC ke fitarwa zai sa sautin ya dagule.

Mai haɗawa da kwamfuta ya nemi DAC da ke tafiyar da lokaci da agogonsa na ciki, ba ya jiran na kwamfutar, abin da ake rubutawa asynchronous a kwali. DAC mai bin tsarin USB Audio Class 2 na aiki kai tsaye a Mac da Linux, haka ma Windows 10 tun sabuntawar 2017. Tsofaffin Windows sai an sa direba.

A ganina manyan lambobin da ke jikin kwali, 32 bit da 384 kHz, ba su cancanci ƙarin ko sisi ba. Faifan CD 16 bit ne a 44.1 kHz, talabijin kuma 48 kHz. Wanda ya kai 24 bit da 96 kHz ya wadatar. Sunan kamfanin guntun lantarkin (chip) da ke ciki ma, ko ESS ne ko AKM ko Cirrus Logic, ba shi ke yanke hukunci ba. Yadda aka gina sashen fitar da sauti da tsabtar wutar da ke ciyar da shi sun fi tasiri. Yawancin akwatunan volt 5 suke ci, kuma ramin USB na talabijin ko cajar banza kan shigo da tsaki da shuu.

Gwajin ba wuya. A haɗa komai, a tsayar da kiɗa, a ɗaga murya a hankali, a kara kunne kusa da sipika. In akwai ƙara, a sauya caja. In bai tafi ba, a zare wayar dijital: idan ya ɗauke, daga talabijin ko kwamfuta yake shigowa, sai a koma wayar haske; idan kuwa ƙarar tana nan, akwatin ne, a mayar wa mai shi.

Na gode.

Naku,
Mai karatu