Tun da surukina ya turo ƙofar banɗaki na kasa haɗa ido da shi

Assalamu alaikum Anti. Ina yi miki fatan alheri, ke da masu sauraron wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, domin dangin mijina ba sa barin shirin nan ya wuce su.

Ni amarya ce, a Kano muke zaune da maigidana. Gidansu yana cikin birnin Zariya, irin babban gidan nan na gado mai sassa da yawa. Da Babbar Sallar da ta wuce ya kai ni can, karon farko da zan kwana a gidan. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, ban ga abin ƙi ba sai abu ɗaya: makewayin sashen Inna guda ne, masai ne, kuma yana manne da inda Baba yake shimfiɗa buzunsa yana karatu. Ƙofar langa-langa ce, ba sakata. Ashe su dokarsu ita ce mai shiga ya bar takalminsa a bakin ƙofa, mai zuwa kuma ya yi gyaran murya. Ba wanda ya faɗa mini, kuma wa zan tambaya?

Anti kin san halin amarya a gidan surukai. Yaya zan ɗauki buta in gifta ta gaban uban mijina da rana tsaka? Sai na dinga matsewa har dare ya raba. Ruwa ma na rage sha. Ga naman layya ta ko'ina, kowace facala sai ta aiko da kwanonta, soye da kayan ciki da yaji, in ka ƙi ci a ce ka raina. Washegarin Sallah kafin asuba cikina ya murɗa irin murɗawar da ba ta jiran kowa. Na zari buta na faɗa ciki da silifas ɗina a ƙafa. Ina tsugune, fitilar waya a hannu, sai kawai ƙofa ta buɗe. Baba ne ya fito kama ruwa. Ya yi salati ya ja da baya, ni kuwa wayar ta suɓuce ta faɗa ramin da fitilarta a kunne.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Gari na wayewa yara suka gano masai yana haske, kafin hantsi gidan duka ya ji. Ƙannen mijina, da yake akwai wasa tsakaninmu, suka laƙaba mini "Mai Nepa". Inna ce kaɗai ta rufa mini asiri. Ta kore su, ta jiƙa mini sabara, ta sa aka haɗa mini ruwan gishiri da sukari, ba ta ce da ni uffan kan maganar ba. Allah ya saka mata. Baba kuwa tun ranar in na durƙusa gaishe shi sai ya amsa yana kallon carbinsa, ni ma kaina a ƙasa. Ina jin shi ma kunyar ce ke cin sa.

Maigidan nawa, wanda na zata zai tausaya mini, shi ya fi kowa dariya. Ya saya mini sabuwar waya, shi a ganinsa magana ta ƙare. Da na ce ko sakata ya sa a ƙofar nan, in da hali ma ya kewaye wa mata nasu banɗakin ta baya, sai ya ɗaure fuska. Wai a haka aka haife su, a haka matan yayyensa suka zauna, kada in ja a ce ya auro 'yar birni mai ƙyamar gidansu. Wallahi Anti ba ƙyama ba ce. Har facalolin nan, da muka keɓe, ɗaya ta ce ita ma sai bayan isha'i take iya zagayawa, kuma ta sha fama da fitsari mai zafi. Kowa na shan wuya, kowa ya yi gum.

Yanzu bikin ƙanwarsa ya matso, dole in je in kwana, ga gida zai cika da baƙi. Tun da aka sa rana nake neman dalilin da zan fake da shi, har na fara tunanin ƙaryar laulayi.

Shawarar da nake nema ita ce: in bi ta wajen Inna da maganar gyaran, ko hakan tsallake miji ne? In na ce zan biya da kuɗina, ba za a ɗauke shi gori ba? Sannan Baba, ya dace in aika Inna ta ba shi haƙuri, ko tayar da maganar ya fi barinta muni? In kuma akwai likita a cikin baƙin shirin, a tambaya mini illar wannan matse-matsen da muke yi, ko maigidan zai ji daga bakin wani tunda nawa bai isa ba.

Na gode.
Ƙanwarki daga Kano