Yayana Na Zargin Matarsa Saboda Rukunin Jinin Ɗansu

Assalamu alaikum Hajiya,

Allah Ya saka da alheri kan wannan fili. Ni malamar kimiyya ce a wata sakandare a nan Daura, kuma auren yayana ne ke neman mutuwa a kan abin da nake koyarwa a aji.

Da damina zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ƙaramin ɗansa, likita ya ce sai an yi masa ƙarin jini. Yaya ya naɗe hannun riga ya miƙa, aka ce nasa ba zai yi ba: shi A ne, uwar B, yaron kuma O. Kawun yaron ne ya bayar. Yaro ya miƙe, alhamdu lillahi, amma tun ranar Yaya bai ƙara ɗaukarsa ba. In ya shigo da tsire, babbar 'yarsa yake miƙa wa, yaron na tsaye riƙe da gefen rigarsa. 'Yan majalisarsu ne suka ce masa A da B ba sa haifar O.

Hajiya, wallahi suna haifa. Ƙwayoyin gadon rukunin jini iri uku ne, A da B da O, kowa na ɗauke da biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A da B ba mai danne wani. In suka haɗu dukansu bayyana suke yi, shi ne AB, irin na 'yarsu ta fari. O kuwa lafewa yake bayan A ko B, ba ya fitowa sai ya haɗu da wani O. Mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, O ce, ni nake ajiye da katin asibitinta. Ke nan dole Yaya na ɗauke da O a ɓoye. Matarsa ma haka, tunda ta haifi mai O. A irin wannan aure, kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a haifi mai O. Wani masanin kimiyya mai suna Karl Landsteiner ya gano rukunan nan a 1901, babban amfaninsu kuma shi ne ƙarin jini, ba su isa su nuna wane ne uba ba. Ko mai AB, wanda a ƙa'ida ba ya haifar O, an samu ɗansa ya nuna O a gwaji saboda wani jini mai wuyar samu da aka gano a birnin Bombay na Indiya a 1952.

Na zana masa a takarda. Na tuna masa hadisin mutumin da matarsa ta haifi baƙin yaro, Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi launin raƙumansa, ya nuna masa gado na iya fizgowa daga kakanni. Ya ture takardar, ya ce ba ya son in sake sa baki a gidansa.

Matar ba ta san komai ba. Ita duk zatonta aure zai ƙara, har ta rame, kullum tana tambayata laifinta.

In faɗa mata, ko in ci gaba da rufewa? In kai maganar ga Baffa, alhali Yaya zai ga na tona masa asiri? Gwajin DNA zai wanke ta, ban da shakka, amma raina bai kwanta da shi ba: ranar da aka ɗebi samfurin ɗanta za ta san da me mijinta ya zarge ta. Don Allah wa ya kamata in fara tunkara, kuma da wace magana?

Wassalam,
Ƙanwarki daga Daura